Arba'in da Ɗaya

Tuful ta ajiye wa surukinta gahawa da dabino a kan tabarma, amma ba ta koma kicin ba kamar yadda ta saba. Ta tsaya jikin ƙofa tana murɗa gefen mayafinta.

"Baba, gobe ne fa."

"Na sani," in ji Mahad.

"Yayana zai taso daga Taka da sassafe. Ya ce in ka yarda shi zai kai mu kotun."

"Ina da mota."

"To za ka je?"

Ya kurɓi gahawar. Da zafi, wannan dai ya ji. Ɗanɗano kuwa ya fi shekara rabonsa da shi, ko ruwan teku ta zuba masa shanyewa zai yi ya ce an gode. Ya kife ɗan kofin, ya ɗauki rawaninsa da makullin mota.

"Ina da baƙi yau. Sai la'asar."

Duk garin Mirbat babu wanda bai san zancen ba. Bara, da aka buɗe kwanakin sufaila, Suhail, ɗan Mahad tilo kuma mijin Tuful, ya yi nutso bai fito ba. Sufaila dai katantanwar nan ce da ke manne wa duwatsun ƙarƙashin teku, wadda tsadarta ke sa samarinmu su yi caca da numfashinsu na 'yan kwanaki a shekara. An yi kwana tara ana nema, ko ƙarfen ɓamɓararsa ba a gani ba. Sai aka bar Tuful, mai shekara ashirin da huɗu, a tsakiya: ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Ba ta yi takaba ba, don ba a ce ya mutu ba. Ta zauna tana dafa wa tsoho abinci, tana wanke wa yayarsa Hiyar kai, tsohuwar da ko aradu ta faɗi ba za ta ji ba.

Alƙali ya ce a jira shekara, sannan wanda yake wurin, wato Mahad, ya zo ya faɗi abin da idonsa ya gani. Shekarar ta cika tun wata biyu da suka wuce. Sau biyu ana sa rana, sau biyu Mahad yana samun baƙi. Mutanen gari suka ce, ayya, tsoho yana sa rai, uba ne. Mutanenmu ke nan, akwai su da ƙirƙiro wa mutum dalili mai kyau. Ba sa rai ba ne. Tun azahar ɗin ranar ya san yaron ya mutu. Tambayar alƙalin ce ba ya so ya ji.

Baƙin na jiransa a ƙofar masaukinsu a Salala: wani malamin makaranta daga Nizwa mai suna Hilal, da amaryarsa Zuwaina. Auren kwana goma sha ɗaya ne, Hilal ya sanar da shi tun kafin a rufe ƙofar mota.

"Kawu, ni fa teku na zo gani. Ita kuma tsofaffin gidaje. Ka ga an fara saɓani."

"Ya ce zai yi nutso ya kamo mini kifi da hannu," in ji Zuwaina daga baya. "Mutumin da iyakar ruwan da ya sani shi ne magudanar gonar babansa."

"Ke, magudanar nan ta kai mini ƙirji."

"Kana ɗan shekara shida."

Mahad ya yi murmushi a inda ya kamata. Ya iya wannan. Shekara tara yana ɗaukar baƙi masu yawon buɗe ido tun da gwiwarsa ta hana shi jan komar kifi, bakinsa ya haddace hanyar, ba ya bukatar shi kansa ya kasance a wurin. Suka wuce gonakin kwakwa da ayaba, bakin nasa ya ce ga kwakwa ga ayaba. A Taka suka tarar an shanya kifin sardin a rairayi, fili guda yana walƙiya, tsuntsaye na ta shawagi a kai. Zuwaina ta toshe hanci da mayafi.

"Wa zai ci wannan duka?"

"Shanu da raƙuma," in ji Mahad. "In ciyawa ta ƙare a kan dutse."

"Saniya ta ci kifi? Kawu, ka maishe mu 'yan ƙauye."

"Ai ku ne," ya ce, suka yi dariya. Wannan ma haddace ne, duk baƙon da ya zo daga arewa sai ya yi tambayar, shi kuma sai ya ba da amsar. Gidan su Tuful na bayan masallacin da suka wuce. Ya ga farar motar yayanta a ƙofa, an wanke ta tas. Ya kau da kai ya ci gaba da tuƙi.

A Kor Rori ya kai su kangon tsohon birnin da ke kan tudu, inda mutanen zamanin da suke loda turaren lubban a jiragen ruwa. Ya nuna musu rijiyar, ya nuna musu ɗakunan ajiya, ya faɗi shekarun da ake faɗa. A ƙasa, inda ruwan daɗi ya haɗu da na teku, tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da launin ruwan hoda suna tsaye, raƙuma uku kuma sun shiga ruwa har gwiwa suna cin ciyawa. Zuwaina ta ce subhanallah, ta kama hannun mijinta. Mahad ya koma inuwar bango ya zauna. Ya dubi abin da suke duba, ya ga tsuntsaye da raƙuma da ruwa, bai ji komai ba.

Masu nutson sufaila suna da ƙa'ida guda, ba a rubuce take ba, amma kowa ya tashi da ita: ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Na sama ba ya ɗauke ido daga wurin da kan na ƙasa ya ɓace, kuma yana ƙirgawa. Kowane mai nutso da adadinsa. Na Suhail saba'in ne. In aka wuce adadin mutum da goma, na sama ya faɗa ruwa a daidai wurin, don igiyar ruwa ta ƙasa kan tura mutum cikin tsagin dutse ta riƙe shi. Ko uwarka ce ta kira ka, ba ka waiwayawa. Mahad ya yi wa ubansa ƙirga, ya yi wa ƙannensa, shi ya koya wa rabin samarin Mirbat.

A ranar da abin ya faru, wasu Turawa biyu suka tare shi a tashar jiragen ruwa, suna so su ga yadda ake nutso. Ya ce su shigo. Suhail har ya yi masa tsiya, ya ce, "Baba, aiki za mu ko yawon buɗe ido?" A nutso na shida, Mahad ya kai arba'in da ɗaya, sai ya ji fitar numfashi a bayansa, irin na dolfin, manyan dabbobin tekun nan masu kama da kifi da ke tasowa su shaƙi iska. Babu wanda ya kira shi, babu wanda ya roƙe shi. Shekarun ɗaukar baƙi ne suka juya masa wuya. Ya waiwaya, ya miƙa hannu, ya ce ku duba, ku duba! Garke guda ne, sun fi talatin. Turawan suka yi ta tafi. Da ya juyo, jirgin ya karkata, ruwan duk iri ɗaya ne, bai san wurin ba, bai san kuma nawa aka kai ba. Ya faɗa ruwa, amma a ina? Turawan suka koma ƙasarsu bayan kwana biyu. Shi kuma ya ce wa mutane teku ce ta ɗauke shi, aka ce Allah ya ba da haƙuri.

To in alƙali ya ce masa, me ka gani, ga Tuful zaune, ga yayanta, ga Alƙur'ani, me zai ce? Dolfin ya gani.

"Kawu! Ka yi barci ne?" Hilal ne tsaye a kansa. "Yunwa fa."

Suka ci nama gasasshe a kan duwatsu a bakin hanya, suka isa Mirbat da azahar. Ya bi da su ta tsohuwar unguwa, inda gidajen attajiran zamanin da suke tsaye rabi a rushe, tagoginsu na katako da sassaƙa suna lilo, awaki na kwana a ɗakunan da aka taɓa auna lubban. Zuwaina ta ɗauki hoton kowace ƙofa. Wata tsohuwa mai sayar da turare, da ta san Mahad tun yana yaro, ta ja su cikin gidanta, ta ba su gahawa da alewa, ta yi wa Hilal tambayoyin da suka sa shi zufa, har da ko ya iya ciyar da 'yar mutane da albashin malanta. Da ta gaji da su sai ta shiga ciki ta fito da kasko yana hayaƙi, ta miƙa shi gaban Zuwaina.

"Ka gani ko?" Zuwaina ta ce wa mijinta tana jan hayaƙin cikin mayafi da hannu. "An kore mu. Surutunka ne."

"Ba kora ba ce, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Baƙo ba ya fita gidana yana warin hanya." Ta turara gemun Hilal, ta turara rawanin Mahad. Haka ake yi a ko'ina a ƙasar nan, mai gida ya riƙe kasko, baƙo ya tsaya a gabansa, daga nan kuma sai takalmi. A bakin ƙofa ta riƙe hannun rigar Mahad, ta rage murya. "Yarinyar nan ta gidanka fa, Mahad. Ta rame."

"Na gani."

"Ganin ba ya isa."

Ya ce mata sai an jima.

A tashar jirage Bahit na zaune a kan akwatin ƙanƙara yana gyaran ƙugiya. Tun bayan abin, shi ke fita da baƙin Mahad cikin teku, Mahad ya jira a mota. Yau ƙafarsa na naɗe da bandeji.

"Kifi ya soke ni jiya, ɗan banza, har ƙashi. Jirgi ga shi nan, akwai mai. Ka kai su da kanka."

"A bar shi sai wani lokaci."

"Haba Kawu," in ji Hilal. "Gobe za mu tafi. Na sayi tabarau na ruwa da kuɗina, kar matar nan ta yi mini gori har tsufa."

Bahit ya dubi Mahad ta ƙasan ido. "Ruwa kwance yake kamar mai a faranti. Ka tsufa ne, ko ka manta inda ake ja a tayar da inji?"

Da yana jin tsoro, da ya ƙi. Amma bai ji tsoro ba, bai ji komai ba, ƙin ma sai da ƙarfi ake yin sa. Ya kwance igiya.

Ya kai su wani lungu bayan duwatsu, inda ruwa bai fi tsayin mutum uku ba, ana ganin ƙasa. Kunkurun teku ya ɗago kai kusa da jirgin ya koma, Zuwaina ta yi ihu. Hilal ya tuɓe jallabiya, ya sa tabarau, ya tsaya a bakin jirgi yana buga ƙirji.

"Kawu, ka shaida. Sai na taɓo ƙasa."

"Nawa kake kaiwa?"

"Nawa me?"

"Numfashinka."

"Oho, wa ya taɓa ƙirgawa?" Ya faɗa ruwa da ƙafa, ya taso yana tari, matarsa na dariya har da riƙe ciki. Ya yi iyo ya ɗan yi nisa, ya ja iska, ya kifa kai, ƙafafunsa suka yi sama suka ɓace.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Mahad bai yi niyya ba. Abin ya tashi da kansa, kamar yadda bakinsa ke cewa ga kwakwa ga ayaba. Idonsa ya kafe a kan ɗan kumfan da ya rage a wurin. Hannunsa na hagu ya nemi abin tuƙi ya riƙe jirgin kar ya karkata. Goma sha tara. Ashirin.

Sai ga sautin a bayansa. Fuu. Sannan wani, fuu.

"Dolfin!" Zuwaina ta miƙe tsaye, jirgin ya girgiza. "Kawu, dolfin! Wayyo Allah, ga su nan, har da ƙanana! Kawu, duba mana!"

Talatin da huɗu. Talatin da biyar.

"Kawu, za su wuce!"

Ta ja masa hannun riga. Wuyansa ya yi tauri kamar itace. Yana jin su, suna yanka ruwa, suna hurawa, kusa sosai. Arba'in. Arba'in da ɗaya. A nan ƙirgar ta saba tsayawa, kullum, a salla, a tuƙi, a kan tabarma. Ya ji muryarsa ta fito fili, a bushe.

"Arba'in da biyu. Arba'in da uku."

Zuwaina ta saki rigar. Ta dubi fuskarsa, ta dubi inda yake duba, dariyar ta ɗauke. "Ina yake? Kawu, ina Hilal?"

"Yana nan. Arba'in da bakwai. Ga shi can, yana tasowa."

Kan Hilal ya fasa ruwa a hamsin da ɗaya, a daidai wurin, ko taku ɗaya bai kauce ba. Ya ɗaga hannu da yashi a ciki yana haki. "Na taɓo! Kin gani? Na taɓo!"

"Allah ya shirye ka, ka kusa kashe ni," in ji Zuwaina, ta fashe da kuka, ta koma dariya. "Kuma ka sa Kawu bai ga dolfin ba."

"Na taɓa gani," in ji Mahad.

Ya miƙa hannu ya jawo yaron cikin jirgi. Hannun da sanyi, da nauyi, da rai. Abin ba wuya ashe. Ka tsaya kawai kana kallon wuri ɗaya, mutum ya fito. Ya jira ya ji wani abu, ko kuka, ko sauƙi. Babu abin da ya zo sai ciwon wuya. Ya tayar da inji.

Ya sa wani direba ya mayar da su Salala, ya ce gwiwarsa ce. Ya yi la'asar a masallacin tasha, ya taka zuwa gida. Hiyar na gyangyaɗi a tsakar gida. Tuful na tsince shinkafa a tire, ta yi masa sannu da zuwa, za ta tashi ta kawo ruwa.

"Zauna, 'yata."

Ta zauna. Shi ya tsaya a tsaye, ya dubi bango, ya faɗa mata. Bai yi kwana-kwana ba, bai kuma sa kuka a ciki ba, don babu. Ya faɗa da muryar da yake faɗa wa baƙi shekarun kango. Turawan, nutso na shida, sautin da ya ji, hannun da ya miƙa.

Yatsunta suka tsaya a cikin shinkafar.

"Nawa ka kai?"

"Arba'in da ɗaya."

"Nasa saba'in ne."

"Saba'in."

"Wani ya kira ka ne?"

"Babu wanda ya kira ni."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta tsince wani ɗan tsakuwa ta ajiye a gefen tire, ta tsince wani. "Wata goma sha huɗu, Baba. Ni ina cewa tausayinka nake ji. In na ji kamar in yi magana sai in ce, bar shi, ɗansa yake jira." Muryarta ba ta tashi ba. "Sun ga dolfin ɗin?"

"Sun gani."

"Sun ji daɗi?"

"Sun yi tafi."

"To." Ta ajiye tiren. "Ƙarfe takwas ake buɗe kotu. Yadda ka faɗa mini, haka za ka faɗa wa alƙali. Yayana ma ya ji."

"Zan faɗa."

Ta shiga ɗakinta. Ya ji ana jan akwati, ana buɗe durowa ana rufewa. Ya zauna a kan tabarma yana kallon tiren shinkafar, rabi tsintacce rabi ba a taɓa ba. Ya ji tana waya da yayanta, gajeriyar magana, ta ce kar ya bari sai gobe. Rana ta sauka kan katanga. Hiyar ta farka ta tambayi ko an yi la'asar, babu wanda ya amsa, ta koma barci.

Da motar ta tsaya a waje, Tuful ta fito cikin baƙar abaya, akwati ɗaya a hannu. Ta ajiye shi, ta shiga kicin, ta fito da kaskon turare, garwashi ya yi ja, ta zuba lubban mai kyau, wanda aka ajiye tun bikinta. Kullum da yamma ita ke zagaya ɗakuna da shi, don haka ya ɗauka abin da za ta yi ke nan. Sai ta zo gabansa ta miƙa masa.

Ya karɓa bai gane ba. Ta ja da baya taku ɗaya, ta tsaya, ta ɗan buɗe gefen mayafinta da hannu biyu, tana jira.

Sannan ya gane. Ya miƙe da ƙyar, gwiwar na ƙara. Shekara uku tana gidan nan, ita ke riƙe wa mutane kasko, ba a taɓa riƙe mata ba. Ya ɗaga shi zuwa ƙirjinta. Ta ja hayaƙin cikin mayafi sau uku, yadda baƙi ke yi.

"An gode, Allah ya saka da alheri," ta ce.

Ta sa takalmi, ta ɗauki akwati. Ya ji an rufe ƙofar mota, ya ji ta tashi. Yana nan tsaye a tsakar gida da kaskon a hannu, har ƙasansa ya yi zafi ya fara ƙona masa tafi. Wannan ya ji shi sosai, bai kuma ajiye ba.